Jinjina ga Masu Adana Tsohuwar Kaduna, da Bashin da Abakwa Ke Bin Mu

A ƙarƙashin gadon gwaggona a unguwar Abakwa ta Kaduna akwai wata adakar ƙarfe mai shuɗin fenti wadda ta girme ni. Ba a buɗe ta sai da dalili. A ciki akwai takardar sallamar marigayi mijinta daga aikin reluwe, da rasiɗan haraji da suka yi ja don tsufa, da zanen aurenta, sannan can ƙasa wani ambulan mai ɗauke da hotuna baƙi da fari waɗanda ba su kai ashirin ba. Ranar da na roƙe ta ta nuna mini su, sai da ta dube ni tukuna, sannan ta ce, “Yau kuma me ya tuna maka da mutanen da?” Na ce, “Gwaggo, wani tsohon hoton Kaduna na gani a waya, shi ya sosa mini zuciya.”

Ta zaro guda ɗaya ta miƙo mini. Mutum goma sha ɗaya ne a ƙofar wani gidan ƙasa mai rufin kwano, manya a zaune kan benci, yara a tsugune, wani saurayi daga gefe ya dafa keke kamar wanda ya dafa ingarman doki. Na juya bayan hoton, babu suna, babu shekara, sai hatimin mai ɗaukar hoto da ya kusa gogewa. Ta sa yatsa tana bin fuskokin ɗaya bayan ɗaya. Wannan mijinta ne, wannan ƙanensa, wannan telan da ke haya a shagon ƙofar gida, mutumin Gabas ne, wannan kuma Bayarabiyar da ke sayar da atamfa, wadda ita ta karɓi haihuwar ɗanta na fari. Ta kawo sunan mutum bakwai. Da ta zo kan sauran huɗun sai ta yi shiru, ta daɗe tana kallo, ta ce, “Waɗannan kam sun shige mini.”

Hoton da ya kai ni ɗakinta kuwa na titin Ahmadu Bello ne tun motoci ana iya ƙirga su da yatsu. Wani matashi ne ya ɗora shi a Facebook, kuma kafin gari ya waye mutane sun cika ƙasansa da magana: wannan ya gane kantin da babansa ya yi aiki, wancan ya tuna inda ake tsayawa a jira bas. Irin waɗannan matasa sun yi yawa a 'yan shekarun nan. Suna tono tsofaffin hotuna da taswirori daga littattafai da jaridu da ma'ajiyoyin ƙasashen waje, suna kawo mana har cikin tafin hannu, ba wanda ya sa su, ba wanda ke biyan su. Yabon gwani ya zama dole. Ina jinjina musu, domin sun yi abin da darasin tarihi na makaranta ya kasa yi mana: sun sa ɗan Kaduna ya dubi titin da yake bi kullum ya tambayi kansa yaya wurin nan yake kafin a haife ni.

Sai dai su ma a kan kafaɗar wasu suka tsaya, kuma adalci ne a ambaci na gaba. Farfesa Kenneth Dike shi ya yi ta fafutuka har gwamnati ta kafa ofishin adana takardun Nijeriya a 1954, wanda daga baya ya yi rassa a Inugu da Kaduna. Reshen Kaduna yana nan a titin Yakubu Gowon, kuma a cikinsa ne fayilolin sakatariyar lardunan Arewa suke, da rahotannin da Razdan da Di'o suka riƙa rubutawa kan gundumomi, da rubuce-rubucen Larabci da ajami. Ma'aikatan da suka yi shekaru suna kaɗe ƙura daga waɗannan takardu, suna yaƙi da gara da laima da ƙarancin kuɗi, ba a san sunayensu ba, amma duk wanda ya taɓa rubuta tarihin Arewa ya ci guminsu. Dakta Mohammed Bashir Salau, da tallafin shirin ceto takardun da ke cikin haɗari na Babban Ɗakin Karatun Birtaniya, ya ɗauki hoton ɗimbin takardun wannan ma'ajiya, har ɗalibin da ke zaune a Maraɗi ko Kumasi yana iya karanta su ta intanet.

Haka nan Arewa House, gidan Sardauna Ahmadu Bello mai lamba 1 a titin Rabah, inda aka kashe shi a daren 15 ga Janairu 1966. Da an so, da an bar wurin ya zama kango, ko a yanka shi fuloti. Maimakon haka a 1970 aka mai da shi cibiyar adana tarihi da bincike ƙarƙashin jagorancin Farfesa Abdullahi Smith, yau kuma yana hannun Jami'ar Ahmadu Bello. Ga gidan tarihi na ƙasa a titin Ali Akilu, wanda aka buɗe a 1975 a tsohon ginin jam'iyyar NPC. Duka biyun daga Abakwa ba wata tafiya ba ce, mai ƙafa ma yana iya zuwa ya dawo kafin rana ta yi zafi. Ga kuma Enoch Oyedele, wanda ya rubuta kundin digirinsa na uku a Zariya a 1987 kan yadda Kaduna ta ginu daga 1913 zuwa 1960, aikin da har yau masu bincike ke komawa gare shi.

Wanda na fi so in daɗe a kansa shi ne Max Lock, Baturen Ingila mai tsara birane, wanda gwamnatin Jihar Arewa ta ɗauko a tsakiyar shekarun 1960. Shi da abokan aikinsa sun auna garin, sun zana shi, sun kuma shiga unguwanni suna tambayar mutane daga ina suka zo, me suke yi, su nawa ne a gida. Littafin da suka fitar a 1967 sunansa ma shekaru uku ne a jere bayan sunan garin: 1917, 1967 da 2017, wato waiwaye na shekara hamsin da hange na shekara hamsin. Duk wanda ya sami damar buɗe taswirorin littafin nan zai ga Kaduna tana da iyaka, zai ga daji da gonaki a wuraren da yau ko filin ajiye mota babu. Shekarar 2017 ɗin da suke hange ta zo ta wuce, har an yi hawan daba a Dandalin Murtala don bikin cikar garin shekara ɗari. Mu ne mutanen da suka zana wa hanya ba su san mu ba.

Tsohuwar taswira tana faɗin abin da baki ba ya faɗa. Layin dogon Baro zuwa Kano, wanda aka kammala a 1911, ya ƙetare kogin a nan, kuma shi da ruwan kogin suka ja hankalin Gwamna Lugga. A 1913 aka fara tattaro sojoji zuwa wurin, a 1917 kuma aka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru. Har gadar ƙafa da Lugga ya gina a Zungeru a 1904 an kwance ta an kawo, tana nan a lambun Gamji. Idan ka shimfiɗa taswirar wancan zamani za ka ga garin an raba shi tun ran gini. Ga unguwar Turawa mai manyan fuloti da itatuwa da filin sukuwa, ga bariki, ga layukan akawuna, ga Sabon Gari da aka yanka kamar gidan dara aka raɗa wa titunansa sunayen garuruwa, Kano da Katsina da Legas da Ibadan. Ƙa'idar Lugga ita ce a bar fili mai faɗin yadi 440, ba gini, tsakanin mazaunin Turawa da na 'yan ƙasa, wai don gudun sauro da cuta. Wanda ya san wannan ba zai ƙara mamakin dalilin da ya sa wani ɓangaren Kaduna yake da inuwa da iska, wani ɓangaren kuma ɗaki na shaƙe ɗaki ba. Ƙasar kuwa ba a iske ta babu kowa ba, Gbagyi suna zaune da ƙauyukansu da gonakinsu kafin a kafa turken safiyo na farko.

To, a nan ne nake cewa da sauran rina a kaba.

Ku dubi hotunan da muke ta yaɗawa muna sha'awa. Majalisar Lugga ce da ƙubbarta. Hawan daban da aka yi wa Sarauniyar Ingila ne a 1956, ko na samun mulkin kai na Arewa a 1959, ko na bikin Festak a 1977. Otal ɗin Hamdala ne, masallacin Sultan Bello ne, Firimiya Sardauna ne yana yanka zare a masaƙa. Duk suna da kyau, duk namu ne. Amma kyamarar wancan lokaci ta gwamnati ce, ko ta jarida, ko ta Baturen da ke son aika wa iyalinsa tsaraba, kuma inda gwamna ya nufa nan take nufa. An ce Kaduna garin gwamna, sai hotunanta ma suka zama na gwamna. Kukun da ya dafa abincin liyafar, da leburan da ya ɗauki kankaren majalisar, da matar sojan da ke tuya a bakin bariki, da mahaucin Unguwar Shanu, in sun fito a hoto to daga gefe ne, rabin fuska, ba suna. Waɗannan kuwa su ne suka cika unguwanni irin su Abakwa da Unguwar Kanawa da Unguwar Shanu, a gefen tsohuwar makarantar horar da hafsoshin soja da aka kafa a 1964, kusa da gidajen manya amma ba a cikinsu ba.

Sunan unguwar kansa tarihi ne. A takarda ana rubuta Abakpa, bakinmu kuma yana cewa Abakwa. Akwai Abakpa a Inugu, akwai a Abakaliki, akwai a Ogoja, kuma a Kamaru har yau ana yi wa Bamenda laƙabi da Abakwa saboda zangon da fataken Hausawa suka kafa a can. A ƙasar Jukun akwai Abakwariga na Wukari, jikokin Hausawan da suka zauna cikin Jukunawa tun zamanin da. Kalma ce da ta yi yawo tare da fatake da sojoji, tana nuna inda baƙi suka sauke kaya suka zauna. Dattawan unguwarmu kowa da yadda ya ji daga iyayensa game da waɗanda suka fara kafa bukka a nan, da inda rijiyar farko take, da wanda ya fara limanci. Wannan bayani yana cikin ƙirjin mutanen da suka haura tamanin, kuma duk damina sai mun raka wasunsu makwanci.

Shi ya sa nake ganin aikin da ke gabanmu ya fi wanda aka yi wuya, domin ba a intanet yake ba. Yana cikin adaka irin ta gwaggona, da ƙasan katifa, da tsohon albam da aka jefa saman kabad, da firam ɗin da gilashinsa ya fashe aka jingine bayan ƙofa. Hotunan suna ne da na aure, da na saukar Alƙur'ani, da na 'yan ƙwallon unguwa, da na ranar da wani ya sami aiki a masaƙar Kakuri ya je situdiyo ya tsaya kusa da rediyon aro. A bayan mutanen da ke cikin hoton, ba tare da mai ɗauka ya nufa ba, ana ganin unguwar: katangar zana, famfon layi, bishiyar da aka sare, kwatar da aka cike aka yi shago. Ɗaya bayan ɗaya ba su da wani girma. In aka haɗa na gida ɗari, sai ga Abakwa ta miƙe tsaye yadda babu wata taswirar gwamnati da ta taɓa nuna ta.

Matasan da suka iya tono hoto daga Landan su ne suka fi cancanta su ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta. Ba ya bukatar wani babban kuɗi. Waya mai kyamara mai kyau ta isa a fara, sai littafin rubutu da fensir da ladabi. A yi sallama, a zauna a tabarma, a ce, “Baba, mun zo ne ka nuna mana mutanen da ke cikin hoton nan.” A ɗauki gaba da bayan kowane hoto, domin hatimin situdiyo da ɗan rubutun da ke baya sau da yawa sun fi fuskar bayani. A rubuta sunaye da fensir mai laushi, don biro yana huda takarda kuma tawadarsa tana naso. Kada a manna da gam ko salatif, kada kuma a kai a liƙe shi cikin roba da zafi, wannan gyara ne da ke kashe hoto. A mayar wa mai abu abinsa a ranar, hannu da hannu. Kuma a nemi izini kafin a ɗora a intanet, musamman hotunan mata, domin ba kowane gida ne zai so a ga fuskar mahaifiyarsu tana yawo a wayoyin mutane ba, kuma suna da gaskiyarsu. Wanda ba ya son ajiye hoto a gidansa saboda fahimtarsa ta addini, a roƙe shi ya miƙa wa ma'ajiya maimakon ya cinna masa ashana.

Maganar suna da shekara ba ƙarama ba ce. A 2011 ma'ajiyar takardun gwamnatin Birtaniya ta saki dubban hotunan Afirka na tsohon Ofishin Mulkin Mallaka a intanet, ta kuma roƙi jama'a su taimaka su faɗi su wane ne a ciki, ina ne wurin, domin da yawa an ajiye su babu cikakken bayani. Ƙasar da ke da ɗakunan ajiya masu sanyi da ma'aikata ƙwararru ke nan, amma da yake ba a tambayi masu fuskokin sunansu a ranar ɗauka ba, sai ga shi bayan shekaru masu yawa ana cigiya. Mu har yanzu muna da sauran masu amsawa a raye.

A nan kuma zan ja kunnen 'yan'uwana masu ɗora hotuna, cikin ƙauna. Na sha ganin hoton wani gari daban an rubuta masa Kaduna, ko hoton da motocin cikinsa ke nuna shekarun 1970 an ce na 1940 ne. Wani ya kwafa daga wani, wancan ya kwafa daga wani, har ƙarya ta yi gemu. Yanzu kuma ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke shafa wa tsohon hoto launi, suna gyara fuska, wani lokaci ma su ƙago hoton da ba a taɓa ɗauka ba. Wanda ya ɗora hoto ya faɗi inda ya samo shi, littafi ne ko jarida ko gidan wane. In bai san shekarar ba ya ce ana neman wanda ya sani. In ya sa launi ya ajiye na asali a gefe. Amanar tarihi ɗaya ce da amanar isnadi da malamanmu suka koya mana, wa ya faɗa maka, shi kuma daga wa ya ji.

Akwai wata taska da ba na jin ana maganarta, ita ce ta masu ɗaukar hoto na unguwa. Kafin waya ta kashe kasuwarsu, kowace unguwa a Kaduna tana da situdiyo, kuma mai situdiyo yakan ajiye dodon hoto ko da mai shi zai dawo neman a sake wanke masa. A Bamako ta Mali, Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a 1948, da Malick Sidibé sun adana nasu cikin kwalaye shekara da shekaru. Da duniya ta farga sai ga shi hotunan talakawan Bamako, 'yan mata da samari da 'yan kasuwa, ana baje kolinsu a manyan birane, har Sidibé ya karɓi babbar lambar yabo ta baje kolin Benis a 2007. Hatimin da ke bayan hoton gwaggona na wani ne irinsu. Shi ko 'ya'yansa suna wani wuri, kuma mai yiwuwa akwai buhun dodon hoto a wani sito yana narkewa da zafi. A neme su tun ba a kai buhun bola ba.

Hukuma ma tana da nata kason. Turawa sun ɗauki hotunan ƙasar nan daga jirgin sama domin zana taswira, kuma tarin na hukumar safiyon ƙasashen waje ta Birtaniya yau yana ajiye a Edinbura. Jihar Kaduna kuwa tun 2015 tana da hukumar KADGIS, wadda ke riƙe da sababbin hotunan sama da bayanan filaye. Da za a nemo kwafin tsofaffin a ɗora su kan sababbi, a buga manya a kafa a makarantun firamare da ɗakunan karatu, da yaron Abakwa ya ga da idonsa inda rafi yake bi kafin a gina gida a kansa. Wannan ya wuce sha'awa. Ambaliyar da kogin Kaduna ya yi a 2003 ta nuna cewa ruwa bai manta tsohuwar hanyarsa ba, ko da mu mun manta.

Sannan garin yana sauya kama da saurin da ba a taɓa gani ba. Shirin sabunta birni da aka ƙaddamar a 2019 ya faɗaɗa tituna, ya sake gadar Kawo, titin WAFF ya koma titin Muhammadu Buhari. A 2020 aka rushe otal ɗin Daba da aka gina don Festak, aka kuma rushe Kasuwar Barci aka sake ta. Ba ina nan ne don in yi shari'ar wanne ya dace wanne bai dace ba, mutane sun yi ta muhawara a kai. Abin da nake roƙo kaɗan ne, ya zama doka cewa kafin katafila ta taɓa kasuwa ko layi ko tsohon gini, sai an ɗauki hotonsa ciki da waje, an zana taswirarsa, an rubuta sunayen masu zama, an kai kwafi Arewa House da ma'ajiyar ƙasa. Kuɗin wannan bai kai na man katafilar na yini guda ba. Su kuma waɗannan gidaje na ajiya a ba su wuta da na'urori da ma'aikata, su buɗe ƙofa ga hoton mai shayi kamar yadda suka buɗe ga na minista, su kuma riƙa fitowa da baje koli cikin unguwanni, a harabar makaranta ko ƙofar gidan mai unguwa.

Hausawa na cewa wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma na san wani ɓangare na wannan begen namu daga nan yake. Wanda ya ga masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 tana aiki dare da rana, ya ga Fijo tana fitowa daga kamfanin Kakuri, ya ji kukan jirgin ƙasa yana wucewa Zariya a kan lokaci, dole tsohon hoto ya sa shi ƙwalla. Ban ga laifinsa ba. Amma kada bege ya sa mu wanke zamanin da bai wanku ba. Titin nan mai tsabta da muke gani a hoton 1950, akwai wanda ke share shi da asuba kuma ba shi da ikon kama ɗaki a bakinsa. In za mu so tsohuwar Kaduna, mu so ta gaba ɗayanta, har da masu sharar.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne benci ɗin nan na ƙofar gida, da telan Gabas da Bayarabiya da Bahaushe a jere kafaɗa da kafaɗa. Yaron da aka haifa bayan rikicin 2000 da na 2002 ya taso ya iske kogin Kaduna ya zama iyaka, Musulmi sun fi yawa a arewa, Kirista a kudu, har yana zaton haka Allah ya halicci garin. In ka gaya masa da baki cewa a da ba haka ake zaune ba, zai ɗauka daɗin bakin tsofaffi ne. Gani ya kori ji. Iyalai da yawa da suka bar Abakwa da maƙwabtanta suka koma Barnawa da Sabon Tasha da Narayi sun tafi da rabin hotunan unguwar a cikin kayansu, kamar yadda waɗanda suka baro kudu suka taho da rabin na can. Ba yadda za a haɗa albam ɗin Abakwa ya cika sai an ƙetare gada an yi sallama a ƙofar tsofaffin maƙwabta. Mai yiwuwa a tafi neman suna a dawo da zumunci.

Na koma wurin gwaggo da fensir bayan kwana biyu. Na rubuta sunaye bakwai a bayan hoton, daga dama zuwa hagu, tana faɗa ina rubutawa, ta sa na ƙara da garin da kowa ya fito. Shekarar kuwa muka ƙiyasta ta da goyon da ke bayan wata mata a hoton, domin yaron an haife shi ne a daminar da aka sami 'yancin kai, don haka na rubuta wajajen 1961. Ina shirin mayar da ambulan cikin adaka sai ta riƙe hannuna, ta ce 'yar telan nan tana raye, an ce tana Sabon Tasha wurin ɗanta, kuma tun suna 'yan mata ta fi ta riƙe sunan mutane.

“In za ka je,” in ji ta, “ka zo ka karɓi daddawa ka kai mata. Ka ce ina gaishe ta, ka kuma tambaye ta yaron nan mai keke ɗan gidan wa ne.”